Filato, Mambila, Kenya ko Habasha: ina za a tura ɗan gudun fanfalaki, kuma a hannun wa?

A ƙauyukan Kano da Jigawa ba a rasa yaron da ƙafarsa ba ta gajiya, wanda in aka yi tseren makarantu sai ya bar kowa a baya. Da ya ci sau biyu ko uku sai masu shawara su yi yawa: a kai shi Jos, a kai shi Kenya, a nemo masa eja, wato wakilin da ke sama wa ɗan wasa tsere. Kuɗin tafiyar kuwa daga rumbu zai fito, ko daga turke. Saboda haka kafin a sayar da buhunan riɗi ko ɗan maraƙi, a san abin da za a saya. Abu uku ne: koci, abokan atisaye, sai tsauni. An fi ɗokin tsaunin, alhali shi ne na ƙarshe a muhimmanci. Yaron da ya samu koci nagari a Jos ya fi wanda ke yawo a Kenya ba mai kula da shi.

Me tsauni ke yi wa jiki?

Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba, haka ma Dutse. A mita 2,400 iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 yadda take a ƙasa, amma iskar ta saki, kowane numfashi yana shigar da ƙasa da abin da aka saba. Ƙoda tana jin wannan ƙarancin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sai ta ƙara fitar da sinadarin EPO, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Abin ba ya sauri. Mako uku zuwa huɗu a tsakanin mita 2,000 da 2,500 yakan ƙara sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini da kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100, wasu ma ba sa samun haka. Tafiyar kwana goma yawon buɗe ido ce. Sama da mita 3,000 kuma barci yana lalacewa, cin abinci ya ragu, gudun sauri ya gagara. A 1997 masu bincike biyu a Amurka, Levine da Stray-Gundersen, sun nuna amfanin kwana a mita 2,500 ana sauka wajen mita 1,250 don atisayen sauri. Shi ya sa wurin da ke da tudu da kwari kusa da juna yake da daraja.

Ribar ba ta dawwama: bayan an sauko da 'yan makonni jini zai koma yadda yake. Wanda ba shi da takamaiman tsere a gabansa bai da dalilin kashe kuɗin hawa.

A fara da asibiti

Nan ne yaranmu suka fi asara, kuma nan ne gyaran ya fi araha. Jiki ba ya ƙera jini sai da sinadarin ƙarfe. Mako shida zuwa takwas kafin tafiya a je babban asibiti, a Kano ko Dutse ko Haɗejiya, a yi gwaji huɗu: yawan jini, ajiyar ƙarfe da ake kira feritin, rukunin jini na sikila, sai fitsari da bayan gida. In feritin bai kai 30 zuwa 35 ba, a ɗage tafiyar, likita ya rubuta maganin ƙarin jini. Wanda ya hau da ajiya ƙanƙanuwa zai sauko a rame, ga kasala, lokacinsa ma ya fi na da muni. 'Yan mata sun fi faɗawa wannan saboda al'ada.

Gwajin fitsari saboda tsargiya ne. Duk yaron da ya tashi yana wanka a kwatamin noman rani na Kura da Kadawa, ko a fadamar Haɗejiya da Auyo, a ɗauka yana iya ɗauke da ita ko bai taɓa ganin jini a fitsarinsa ba. Ita da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro suna tsiyayar da jinin da ake neman ƙarawa. A kashe su tukuna. A abinci a yawaita hanta, wake, zogale da nama, a haɗa da lemon tsami ko gwaiba. Shayi kuma a nisanta shi da cin abinci da aƙalla awa ɗaya, domin yana hana hanji tsotsar ƙarfe. A riƙe wannan ko an je Kenya, don can ma mashaya shayi ne.

Maganar sikila ba ta wasa ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da AS, wato ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya amma ba ya ciwonta, da yawa ba su sani ba. Mai AS yana iya zama gwanin gudu, amma a tsauni, in ga gajiya ga ƙarancin ruwa a jiki, jini yana iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ya zo a tsayar da gudu, a nufi asibiti, a sauko ƙasa. Mai AS ya ga likita kafin ya tafi, ya hau mataki-mataki, kuma kocinsa ya sani. Mai SS ko SC kuwa, wato mai ciwon sikila, wannan hanya ba tasa ba ce.

Na gida: Filato da Mambila

Jos tana wajen mita 1,200, Panshin ta ɗara haka kaɗan. Gaskiyar magana, wannan tsayin bai isa ya ƙara jini sosai ba. Abin da Filato ke sayarwa sanyi ne da hawa da gangara da hanyoyin burji, sannan gungun 'yan gudu, domin yawancin masu dogon zango na Najeriya daga can suke fitowa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa ke kai 40, yaro ba zai iya kilomita 25 cikin lafiya ba sai ya fita tun kafin gari ya waye. A Filato zai iya. Mota ɗaya ce daga Kano, ba fasfo ba biza, kowa na jin Hausa, abinci bai bambanta da na gida ba. Ga mai farawa babu zaɓin da ya kai wannan, kuma wata uku a can ya fi mako uku a ƙasar waje. A dai bincika halin tsaron hanya da na unguwar da za a sauka kafin a tashi.

Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ita ce ta fi kusa da tsayin da ake nema: yawancinta tsakanin mita 1,500 da 1,800. Ana jin Hausa da Fulatanci, ga madara ga nama. Matsalarta nisa, sai an bi ta Jalingo da Bali da Serti kafin a hau zuwa Gembu, kuma da damina ruwa ba ya ɗagawa, hanyoyi su yi santsi. Kada a sa ran tarar da gungun ƙwararru a can. Mambila ta dace da ƙungiyar da ta zo da kocinta da tsarinta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato daidai shirin tseren fanfalaki na Legas da aka fara a 2016. Yaro shi kaɗai ba abin da zai tsinta.

Kenya

Iten, mai nisan kusan kilomita 35 daga Eldoret, tana kan mita 2,400. Ita ce kasuwar wannan sana'a. Da asuba ɗaruruwan 'yan gudu ne a kan jan burji, ranar Talata filin tsere, ranar Alhamis gudun sauri da sassauci a gungu, kuma kowa na iya bin gungun ba tare da ya biya ba. Akwai cibiyar da Lornah Kiplagat ta kafa a 1999, wadda ke karɓar baƙi da kuɗin waje. Akwai kuma ɗakunan haya masu sauƙi inda mutum zai dafa wa kansa. A makarantar St Patrick ta garin ne Brother Colm O'Connell, ɗan ƙasar Ailan da ya zo a 1976, ya rene David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Abin koyi a wurinsa shi ne haƙuri da matasa, ba ya ɗora musu nauyin manya.

Kaptagat daban take. Can ne sansanin Patrick Sang, kocin zakarun gudu Eliud Kipchoge da Faith Kipyegon, ƙarƙashin kamfanin Global Sports Communication na Jos Hermens ɗan ƙasar Holan, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan gudu ta NN Running Team a 2017. 'Yan sansanin suna kwana a can daga Litinin zuwa Asabar, suna shara da wanki da kansu, kuma dogon gudunsu yakan kai kilomita 30 zuwa 40. Irin wannan sansani ba a shiga da kuɗi, sai an gayyaci mutum saboda lokacinsa. Duk wanda ya zo ƙauye ya ce a ba shi kuɗi zai shigar da yaro sansanin Kipchoge, a sallame shi.

Babban abin da ke karya baƙo a Kenya shi ne gungun da ya je nema. Yaron da ya saba da kilomita 70 a mako sai ya ga ana yin 180, ya ce shi ma sai ya bi. Mako na uku ƙashin ƙauri ya tsage, ko agara ta kumbura, sauran kwanakin a ɗaki zai ƙare su. A makon farko a rage yawan gudu da kashi ɗaya cikin uku, kada a yi sauri ko kaɗan, a ƙara shan ruwa, a riƙa ƙirga bugun zuciya kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa. In ya ɗara na kullum da bugu 8 zuwa 10, ranar ta hutu ce. A ganinmu, namijin da bai sauko ƙasa da minti 31 a kilomita 10 ba, ko macen da ba ta sauko ƙasa da 36 ba, Filato ta ishe su tukuna. A kuma guji Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan sama ke mai da burjin Iten taɓo.

Habasha, Yuganda, Maroko

Habasha tana da sauƙin zuwa, tunda jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano zuwa Addis Ababa. Birnin kansa ya haura mita 2,300, Sululta tana wajen 2,700, dutsen Entoto ya kai 3,000. Salon Habashawa gudu ne a daji, a layi ɗaya, ana karkacewa tsakanin itatuwan turare, sannan a ɗauki 'yan wasa a bas zuwa ƙasa-ƙasa don atisayen sauri. Gemedu Dedefo, kocin Tigst Assefa da ta yi 2:11:53 a tseren fanfalaki na Barlin a 2023 da Tamirat Tola zakaran fanfalaki na Olamfik na 2024, a can yake aiki. Sai dai ƙungiyoyinsu a rufe suke fiye da na Kenya, harshen atisaye Amharanci ne ko Oromo, kuma tsalle daga mita 500 zuwa 2,700 ya yi wa ɗan Jigawa yawa a tafiyar farko. Damina daga Yuni zuwa Satumba take.

Kapchorwa ta Yuganda, garin Joshua Cheptegei, tana gefen dutsen Elgon, hawa da gangara sun fi fili yawa. Ifrane ta Maroko, wajen mita 1,650, inda Hicham El Guerrouj ya yi atisaye, ta fi dacewa da masu mita 1,500 zuwa 5,000, kuma ba wahalar abincin halal ko masallaci, amma da hunturu ƙanƙara take zuba. Ko'ina za a je, a tanadi katin rigakafin cutar shawara, kuma a duba inda azumi ya faɗo. Haɗa makon farko na tsauni da azumi yana busar da jiki matuƙa, gara a tafi bayan Sallah.

Yadda ake auna koci da eja

Suna ba ya isa. Alberto Salazar yana cikin fitattun masu horarwa a duniya lokacin da aka dakatar da shi shekara huɗu a 2019 kan laifin ƙwayoyin ƙara kuzari, aka rufe ƙungiyarsa ta Nike Oregon Project. Najeriya kanta ta ɗanɗana: 'yan wasanta goma aka hana shiga wasannin Olamfik na Tokyo saboda ba a yi musu isasshen gwajin ƙwayoyi ba. A Eldoret da Iten akwai masu sayar da allurar "ƙarin ƙarfi". Doka ba ta karɓar "ban sani ba", abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke ɗaukar hukuncinsa, sau da yawa shekara huɗu. Kada yaro ya karɓi allura ko ƙwaya daga kowa sai likita ya rubuta sunanta a takarda.

A tambayi koci: mutum nawa kake horarwa, kuma kana zuwa fili da kanka ko a waya kake turo tsari? Wa ka karɓa yana ɗan shekara 17 har yau yana gudu? In yaro ya ji rauni, wa zai biya magani, kuma zai ci gaba da kwana a sansani? Kocin da ya ɗora yaro ɗan 18 kan kilomita 42 don a samu kuɗin kyauta da wuri ba ya son yaron. A fara da tseren daji da mita 5,000 da kilomita 10, irin na Okpekpe da ake yi a jihar Edo.

Eja kuma a nemi sunansa a jerin wakilan da hukumar World Athletics ta amince da su, jerin yana intanet. Abin da aka saba shi ne ya ɗauki kashi 15 cikin 100 na abin da ɗan wasa ya ci, bayan an ci, ba kafin ba. A rubuta a kwantiragi ko kuɗin jirgi da masauki kyauta ne ko bashi ne da za a cire daga baya, a kai takardar wurin lauya ko hukumar wasanni ta jiha a karanta wa mahaifi da Hausa, kuma fasfo ya zauna a hannun mai shi. In yarinya ce, iyaye su san ɗakin da za ta kwana da macen da ke kula da sansanin, su riƙe lambarta, tikitin dawowa kuma ya kasance a jakar yarinyar tun ranar tashi.

Ranar saukowa ma lissafi ce. Masu horarwa da yawa sukan sa tsere cikin kwana biyu ko uku na farko bayan an sauko, ko kuma a bari sai bayan mako biyu zuwa uku, domin a tsakanin nan ƙafa takan yi nauyi. In tseren a Legas ne, na biyun ya fi: jikin da ya saba da sanyin Gembu ko Iten yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya sake sabawa da zafi da gumi.