Wata 15 da Toka: abin da na gani bayan karɓo kyanwa daga gidan renon dabbobi

Jaririyar kyanwa na je nema, irin wadda za ta zauna a tafin hannu. Sai ga ni na dawo da muzuru ɗan shekara biyu, mai launin toka, da ɗan tsagi a kunnen hagu. Yau wata 15 ke nan muna tare, kuma tun ranar farko nake rubuta duk abin da na kashe a kansa a wani ɗan littafi. Da littafin nan a gabana nake wannan sharhi, kan gidan renon da ya ba ni shi da kuma kayan da na saya masa.

Kafin in je gidan, wata maƙwabciyata ta yi mini tayin 'yar kyanwa kyauta, don magenta ta haifi biyar. Saura ƙiris in karɓa. Allah ya sa na fara kiran asibitin dabbobi na tambayi abin da jaririya ke buƙata a watanninta na farko. Aka lissafa mini: allurar rigakafi tun tana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ta kai sati 16. Allurar tana kare ta daga cututtukan mura iri biyu, da wata cuta mai lalata hanji wadda ke kashe ƙananan kyanwoyi cikin 'yan kwanaki. Ga allurar ciwon haukan kare, ga maganin tsutsar ciki da ake maimaitawa, ga aikin hana haihuwa, ga 'yar na'urar shaida da ake sa wa a ƙarƙashin fata. Kuma duk zuwa sai an biya kuɗin ganin likita. Da na tara lissafin, sai na ga kyanwar kyauta ita ce mai tsadar. Gidan reno kuwa kuɗi ɗaya suke karɓa, an riga an yi wa dabbar duk waɗannan. Abin da na biya su bai kai rabin abin da asibitin ya lissafa mini ba.

Matar da ta karɓe ni a gidan ba ta bar ni na wuce kai tsaye wurin jarirai ba.

"Malama, da rana akwai mai zama a gida?"

Na ce babu, sai yamma nake dawowa.

"To, jaririya za ta wahala, ke ma ki wahala. Zo ki ga wani."

Yana can ƙuryar keji ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin ƙirji. Matar ta ce kada in miƙa hannu gaba ɗaya, yatsa ɗaya ya isa. Ya daɗe yana kallona kafin ya taso, ya shinshina yatsan, sannan ya goga kuncinsa a jiki. Ta ce babbar kyanwa halinta ya riga ya bayyana, abin da ka gani shi za ka kai gida. Ba ta buƙatar ci sau huɗu a rana, allurarta ta zama ta tuni kawai, kuma kuɗin karɓarta ya fi sauƙi saboda kowa jarirai yake rububi. Duk abin da ta faɗa haka na tarar, kuma wannan shawara ita ce abu mafi daraja da na samu a wurinsu. Da ta bi son raina, da ta fi samun kuɗi a kaina.

An riga an yi masa fiɗiya, kuma ban san girman wannan ba sai daga baya. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari a bango da labule, yana yawon dare, yana faɗa, ya dawo da cizon da zai kumbura ya tara mugunya. Ta cizon ne kuma ake ɗaukar cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa. Tsagin kunnen Toka daga waccan rayuwar ya samo shi. Mace kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin na sati 9 ne, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Maƙwabciyar tawa har yau tana neman masu karɓa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A satin farko na lura yana yawan sosa kunne yana kaɗa kai. Da na leƙa da fitilar waya sai na ga baƙin datti kamar garin gawayi. Ƙananan ƙwarin kunne ne, kuma takardar lafiyar da suka ba ni ba ta ambace su ba. Abin da ya rage mini zafi shi ne sun haɗa mini da takardar ganin likita sau ɗaya kyauta, magani kawai na saya. Na biyun ya fi ɓata mini rai. Wata huɗu bayan haka likita ya ɗora na'urar karatu a tsakanin kafaɗun Toka, lamba ta fito, muka duba rajista, sai ga shi har lokacin sunan gidan renon ne a kai. Na'urar shaidar da ke jikinsa girmanta kamar ƙwayar shinkafa, ba ta nuna inda dabba take, lamba ce kawai mai alƙaluma 15. Idan rajistar ba ta ɗauke da lambar wayarka, to ba ta da amfani a gare ka. A Ingila ma tun ranar 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta sa wa kyanwa ita kafin ta cika sati 20. Sai da na kira gidan renon sau uku kafin aka mayar da sunana. Da ya ɓata a waɗannan watanni, ban san yadda za a yi a same ni ba.

Sun kuma ba ni doguwar takardar kayan da zan saya, na bi ta kamar dole. Mafi tsada a ciki gado ne mai laushi, mai rufi kamar ɗan kogo. Daren farko Toka ya fito daga akwatin ɗauka, ya zagaya gadon, ya wuce ya shige kwalin da gadon ya zo a ciki. Kwana uku idanunsa kawai nake hangowa daga ciki. Ashe ba shi kaɗai ba ne: a 2014 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gano cewa kyanwoyin gidan reno da aka ba kwalin ɓuya sun fi saurin natsuwa da sabon wuri. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigata a cikin kwalin, shi ke nan. Gadon bai taɓa kwana a kansa ba ko sau ɗaya. Wurin wasa farce da kaina na haɗa, katako ne na nannaɗe da igiya mai kaushi, na yi shi dogo yadda zai miƙe jikinsa duka, kuma tun da ya samu ya ƙyale kujera. Abin wasansa takarda ce da na dunƙule. Zare da ƙulli kam ɓoye su nake yi, don idan kyanwa ta haɗiye zare yana iya yanka hanji, sai an yi tiyata. Akwatin ɗauka na hannu na saya na wanke tas, wannan ba a yi masa rowa.

Inda na fi ganin sauƙi a kowane wata shi ne ƙasar bayan gida. Na fara da irin ta yumɓu mai dunƙulewa idan ta jiƙe, saboda da ita ya saba. Tana aiki, amma ga nauyi, ga ƙura, ga saurin ƙarewa, kuma yana kwaso ta a tafin ƙafa har kan shimfiɗa. Sai na koma ƙwayoyin garin katako da aka matse, irin waɗanda ake shimfiɗa wa dawaki. Sharaɗin kawai su zama zallar katako, ba a zuba musu wani sinadari ba. Na sami roba biyu masu shiga cikin juna, na huda ta saman da ƙananan ramuka kamar rariya. Idan ya yi fitsari, ƙwayoyin da suka jiƙe sai su kumbura su farfashe su koma gari. Da safe in ɗan girgiza robar sama, garin ya zube ƙasa, busassun su tsaya. Warin fitsari kusan babu, sai ƙamshin katako. Buhu ɗaya yana kai ni fiye da ninki biyu na lokacin da yumɓu ke kai ni.

Amma canjin yana son haƙuri. Ranar da na juye masa sabuwar gaba ɗaya, ya tsaya a bakin robar ya ɗaga ƙafa ɗaya yana kuka, ya ƙi shiga. Na mayar da tsohuwar, na riƙa ƙara hannu ɗaya na katako kowace rana, sai da muka yi sati uku. Akwai kyanwoyin da ba sa karɓa ko da wasa, ƙwayoyin suna damun tafin ƙafarsu, kuma irin waɗannan ba a matsa musu, don za su koma yi a wani lungu. Kashi kuma ba ya rufuwa sosai a katako, dole a kwashe kullum. Kwashewar kullum ma ita ce daidai: ƙwayar cutar da kan fito a kashin kyanwa sai ta yi kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum. Mai juna biyu dai ta bar wa wani wannan aikin.

A abinci na yi kuskure. A wata na shida na ga ƙaton buhun busasshen abinci mai araha, na saya, na daina ba shi na gwangwani, na riƙa cika kwano in bar masa yini guda. Cikin wata uku ya tashi daga kilo 4.3 zuwa 5.2, ni kuwa ina murna ya murmure. Wani dare na ji yana ta shiga roba yana fita. Na tashi na tarar da shi a tsugune, jelarsa na rawa, ɗigo biyu ko uku kawai ke fita, masu ja-ja. Ya fito ya lashi gabansa ya sake komawa. A daren na kai shi asibiti.

Likita ya latsa cikinsa a hankali. "Malama, yaushe rabon da ki ga ya yi fitsari mai yawa?"

Na ce ban sani ba, Likita. Kuma gaskiya ban sani ba.

Ya ce mafitsarar ba ta cika ta yi tauri ba, hanyar ba ta toshe ba tukuna, kumburi ne. Amma hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, idan ta toshe kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ƙoda ta gaza, sai an sa masa robar fitsari an kwantar da shi. Bai ɗora laifin duka a kan abincin ba. Ya ce ƙiba da ƙarancin ruwa da damuwa su kan haɗu su jawo haka. Kyanwar gida daga kyanwar daji ta busassun ƙasashe ta fito, ƙishirwa ba ta cika korar ta zuwa kwano ba, a cikin abinci take samun ruwanta. Busasshen abinci ruwansa kusan kashi 10 ne cikin 100, na gwangwani kuwa 75 zuwa 80. Kuɗin wannan dare ɗaya ya cinye duk rarar da na yi a wata ukun, har da ƙari mai yawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu da sikelin kicin nake auna masa. Kyanwa mai kilo 4 da ke zaune a gida kalori 200 zuwa 250 ya ishe ta a rana, kuma da na fara aunawa sai na ga abinci mai ɗan kyau yana daɗewa, har kuɗinsa na kwana guda bai fi na mai arahar da nake zubawa ba lissafi ba. Da yamma na gwangwani yake ci, in ƙara cokali biyu na ruwa in dama. Kwanon ruwa biyu na ajiye, nesa da na abinci. Sunan kamfani bai dame ni ba, abin da nake dubawa shi ne a rubuta cewa cikakken abinci ne na kyanwa. Na kare ba ya maye gurbinsa ko da ya fi araha, domin jikin kyanwa ba ya haɗa isasshen sinadarin tawurin. A 1987 likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa ƙarancinsa na raunana zuciyar kyanwa, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Madara ma na daina ba shi tun farko, zawo take sa shi.

Akwai wata 'yar takarda guda da gidan renon ya ba ni, wadda ta sa na yafe musu sauran. Jerin abubuwan da ke kashe kyanwa ne. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Furen lili, da ke lalata ƙoda. Da maganin ƙuma na karnuka wanda a jikin kwalinsa aka rubuta permethrin. Wata rana wani mai kare ya miƙo mini ragowar nasa da kyakkyawar niyya, ya ce kada in ɓata kuɗi. Na juya kwalin, ga sunan nan ɓaro-ɓaro. Ba don takardar ba, da a daren na ɗiga wa Toka a wuya.

Inshora kuwa na makara. Ba sa biyan ciwon da dabba ta riga ta yi kafin rajista, don haka matsalar fitsarinsa ta fita daga ciki. Mai son yi ya yi tun dabbar tana lafiya. Ni yanzu duk wata nake ware wani abu daban da sunansa, ba na taɓawa.

Zan sake karɓa daga gidan renon nan, kuma na riga na tura mutum biyu. Na dai ce musu kada su fito sai an mayar da rajistar na'urar da sunansu a gabansu, su leƙa kunne, su kuma tambayi ainihin abincin da dabbar ke ci, don sabon abinci a hankali ake shigar da shi cikin kwana 7 zuwa 10. Toka ya sauko kilo 4.6, fitsarin bai sake tashi ba. Gadon nan kuwa ranar Asabar zan kai musu shi, matar ta ce suna da wata tsohuwar mage mai ciwon gaɓoɓi da ba ta iya kwanciya a wuri mai tauri.