ThingsBoard a ɗakunan sanyi na Kaduna: ƙararrawa a shirye take, halin inji kuwa sai an gina shi

Duk wanda yake kula da ɗakin sanyi na kifi ko kaji ya san cewa lambar da ma'aunin zafi ya nuna ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Digiri 10 ƙasa da sifili abin tashin hankali ne idan injin sanyaya ya kwana yana aiki, tunda daskararren kaya ana son ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili, amma ba komai ba ne idan ɗakin yana cikin zagayen narkar da ƙanƙara, ko kuma leburori sun buɗe ƙofa suna lodin katan-katan da sassafe. Ma'anar lamba tana rataye ne da halin da injin yake ciki a wannan lokacin, da kuma halin da ya baro. Saboda haka abin da nake fara dubawa a kowace manhajar sa ido a kan kadarori shi ne tsarin sauyin hali: wato a ce inji yana da ƙididdigaggun halaye, yana cikin guda ɗaya tak a kowane lokaci, kuma ba ya tsallakawa zuwa wani sai da sanannen dalili. Da wannan ma'auni na auna ThingsBoard, wadda nake amfani da ita a ɗakunan sanyi da janaretocin da nake kula da su a Kakuri da Mando.

Manhajar ta fito a shekarar 2016, an rubuta ta da Java, kuma nau'inta na kyauta yana ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, don haka mutum zai iya ɗora ta a kan sabar tasa, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, tare da rumbun bayanai na PostgreSQL ba tare da ya biya kuɗin lasisi ba. Tana karɓar bayanai ta MQTT da HTTP da CoAP, wato hanyoyin da na'urori suke aika saƙo ta intanet, sannan akwai ThingsBoard IoT Gateway, manhajar da ke shiga tsakanin injuna da sabar, da ke karanta Modbus, wanda shi ne harshen da yawancin allunan janareta da mitocin wuta suke ji. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba, kuma ba shi ne ya ja ni rubutu ba.

Inda manhajar ta burge ni ƙwarai shi ne rayuwar ƙararrawa. Kowace ƙararrawa tana da halaye 4: ta tashi ba a amsa ba, ta tashi an amsa, ta lafa ba a amsa ba, ta lafa an amsa. Na ukun nan shi ne mafi daraja a wurina. Idan wutar gari ta ɗauke da ƙarfe biyun dare, mai gadi ya makara wajen tayar da janareta, ɗaki ya ɗumama sannan ya sake yin sanyi kafin asuba, manaja zai iso da safe ya tarar da ma'auni lafiya lau, amma ƙararrawar tana nan tana jiran wanda zai amsa ta, ɗauke da lokacin da ta tashi da lokacin da ta lafa. Da ita ake sanin ko kifin ya saki ya sake daskarewa, kuma wannan magana ce ta lafiyar masu saye kafin ta zama ta riba. Haka kuma na'ura ɗaya ba ta iya samun ƙararrawa iri ɗaya guda biyu a tashe. Sabon saƙo yana sabunta wadda take nan ne, ko ya ɗaga tsananinta a cikin matakai 5 da manhajar ta tanada, ta yadda wayar manaja ba za ta cika da maimaici ba.

Sharuɗɗan tashi da lafawa ma an tsara su da tunani. Ana iya cewa sai zafi ya zarce iyaka na tsawon wasu mintuna, ko ya maimaitu sau kaza, kafin a tayar da ƙararrawa, kuma sharaɗin lafawa daban yake da na tashi. A ɗakunanmu na sa ta tashi idan sanyi ya gaza digiri 12 ƙasa da sifili har tsawon minti 20, kuma kada ta lafa sai ya koma digiri 16 ƙasa da sifili. Tazarar da ke tsakani ita ce take hana ƙararrawa kai-komo a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna yake sa injin ya yini a bakin iyaka. Akwai zaɓi ɗaya da nake roƙon kowa ya kunna, shi ne na adana ƙidayar sharuɗɗan a rumbun bayanai, domin idan ba haka ba ƙidayar mintunan tana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuma sabar da ta mutu ta tashi za ta fara lissafi daga farko.

To amma ƙararrawa daban, halin inji daban, kuma a nan ne manhajar take barin mutum da aikinsa. Ɗakin sanyi a wurinmu yana da halaye kamar haka: yana kan wutar gari, yana jiran canji, yana kan janareta, yana narkar da ƙanƙara, yana hannun masu gyara, ko kuma ya yi shiru. Babu shafin da za ka zana waɗannan a matsayin da'irori da kibiyoyi manhajar ta tafiyar da su. Sai dai ka ajiye halin yanzu a cikin wata sifa, wato ɗan bayanin na'ura da sabar take riƙewa, ka gina sarƙar ƙa'idoji wadda za ta ɗauko sifar duk lokacin da saƙo ya shigo, ta gwada ta da sabon bayani ta hanyar ɗan rubutun manhaja a harshen TBEL na ThingsBoard ko JavaScript, sannan ta rubuta sabon hali. Yana aiki, kuma yana aiki da kyau, amma idan halaye suka kai shida, kowanne da mafitarsa biyu ko uku, sarƙar takan cukurkuɗe kamar wayoyin da ke kan falwaya a Kasuwar Barci, wanda bai ɗaura ba ba zai iya warwarewa ba. Shawarata ita ce a tattara dukan sauye-sauyen a cikin rubutu ɗaya mai kama da jadawali, maimakon a warwatsa su a ƙulle-ƙullen sarƙar masu yawa, sannan a haɗa manhajar da Git, tsarin adana tarihin gyare-gyare, wanda ta tanadi hanyarsa, domin a san abin da aka canza da ranar da aka canza shi.

Akwai tarko biyu da wannan gini na hannu yake zuwa da su. Na farko, saƙonni biyu daga inji ɗaya suna iya shigowa kusan lokaci guda, kowanne ya karanta tsohon hali kafin ɗayan ya rubuta sabo, sai a wayi gari allo yana cewa ɗaki yana kan janareta alhali wuta ta daɗe da dawowa. Maganinsa yana cikin manhajar, wato layin SequentialByOriginator da ke bin saƙonnin kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, amma sai mutum ya zaɓe shi da kansa. Na biyu ya fi shafar mu a nan, inda sabis yake zuwa yana tafiya. Manhajar tana ɗaukar na'ura a matsayin wadda ta yi shiru bayan daƙiƙa 600 idan ba a canza adadin ba, kuma Gateway yana iya tara bayanai a ajiye ya turo su gaba ɗaya idan layi ya dawo. Hakan alheri ne ga tarihi, amma tsofaffin saƙonni suna iya juya halin inji baya idan rubutunka bai kwatanta lokacin da aka auna da lokacin sauyi na ƙarshe ba. Ina ɗaukar shiru a matsayin hali mai zaman kansa da ke da tasa ƙararrawar, domin ɗakin da ba a ji daga gare shi ba ya fi wanda ake gani yana ɗumama haɗari.

Wanda ya fi son zana halaye a allo zai iya tuna AWS IoT Events ta kamfanin Amazon, wadda aka gina ta a kan wannan tunani kai tsaye, sai dai Amazon ta sanar da ranar 20 ga Mayu 2026 a matsayin ƙarshen tallafa mata, don haka ba zan ɗora sabon aiki a kanta ba.

Fuskar ThingsBoard da littattafan bayaninta ba su da Hausa, amma sunayen ƙararrawa da na halaye da rubutun allon bayanai kai kake rubuta su, kuma na ga bambanci a fili tun da mai gadi ya fara karanta "Tayar da janareta" a saƙon wayarsa. Ga kamfanin da ke da ma'aikaci ɗaya da ya iya ɗan rubutun manhaja kuma zai zauna ya jera halayen injinsa a takarda kafin ya taɓa kwamfuta, nau'in kyauta ya wadatar, kuma ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba. Mai ɗaki ɗaya ko biyu da ba shi da irin wannan ma'aikaci ya tsaya a kan ƙararrawar zafi da ta shiru kawai, ya sa kuɗinsa a batir mai kyau da zai riƙe na'urar aunawa da ta intanet a lokacin canjin wuta.