Asibitin dabbobin da ya duba karenmu bayan ya ci kek ɗin biki

Washegarin walimar auren ƙanwata, yara suka kwashi ragowar kek mai cakulan da zabibi suka zuba wa karen da ke mana gadi, wai shi ma ya shaida biki. Ban ankara ba sai da na tarar da shi yana lasar faranti a bakin gareji. Maigadi ya ce a ɗura masa manja, maƙwabciyata ta ce madara ta fi, ni kuwa na sa aka ɗora shi a mota muka nufi wani asibitin dabbobi mai zaman kansa da ke kusa da Titin Gidan Zoo.

Tambayoyin likitan ne suka fara kwantar mini da hankali. "Hajiya, ƙarfe nawa ya ci, kuma cakulan ɗin baƙi ne ko mai madara?" Da ya ji ba a cika awa 2 ba, sai ya auna nauyin karen, ya yi masa allurar da ta sa shi amai, sannan ya ba shi ruwan gawayin asibiti mai riƙe guba a hanji. Ya yi mini bayani cewa kokon da ake yin cakulan da shi yana ɗauke da sinadarin tiyobiromin, wanda jikin kare ke daɗewa bai fitar da shi ba, har ya jawo saurin bugun zuciya da karkarwa da jijjiga, kuma baƙin cakulan da garin kokon cakulan sun fi yawansa. Zabibin ya fi damunsa, domin yana iya lalata ƙodar kare, kuma ko kaɗan ne ba a raina shi. Wannan ya sa ya kwantar da karen kwana 2 ana ƙara masa ruwa.

Na tambaye shi batun cincin da fanke da alkaki da dubulan, waɗanda ba sa yankewa a gidajenmu lokacin Sallah da gara. Ya ce gutsure ɗaya ba guba ba ne, amma yawan mai yana kumbura wa kare pankiriyas (wata gaɓa a ciki mai taimaka wa narkewar abinci), sukari kuma yana jawo teɓa da ruɓewar haƙori. Ya ja kunnena sosai a kan kayan zaƙin masu ciwon suga da aka sa wa zailitol, wani madadin sukari, wanda ke zubar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci, da kuma ɗanyen ƙullu mai yis, wanda ke ci gaba da tashi a ciki.

Wurin yana da nasa naƙasu. Ɗakin jira ƙarami ne, mai tunkiya da mai kyanwa da mu duk a benci ɗaya, kuma ba su da na'urar gwajin jini, sai da aka kai samfurin wani wuri muka jira sakamakon ƙoda har washegari. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ba a faɗa mini kuɗin kwanciya tun farko ba, sai ranar sallama. Duk da haka zan koma, zan kuma tura duk mai kare can, amma ya nemi a rubuta masa lissafi kafin a fara aiki.