Ofishin lauyan da ya hana ni rarraba kuɗin ciniki

A makon jiya na je ofishin wani lauya Bahaushe a Agege da ke Legas, bayan da wani abokin sana'ata a kasuwar Mile 12 ya ba ni shawarar in riƙa kai cinikin albasa banki kashi-kashi, miliyan huɗu yau, huɗu gobe, don kada a kai rahotona. Na biya kuɗin ganawa, kuma ban yi da-na-sani ba.

Lauyan ya buɗe dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, ya ɗora yatsa a kan sashe na 2, ya nuna mini cewa rarraba kuɗi da niyyar kauce wa rahoto laifi ne mai zaman kansa, ko da gumin mutum ne. Ya bayyana cewa banki yana sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta Najeriya, hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, kuma wannan ba tuhuma ba ce. Ajiyar da kullum take tsayawa gab da iyakar ita ce ke jawo rahoton zargi, wanda zai iya kaiwa ga EFCC da rufe asusu, alhali doka ta hana banki ya sanar da kai.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai nuna mini wata hanyar zagaye ba. Ya ce in kai kuɗina dunƙule, in adana rasit da littafin ciniki. Sai dai na yi zaman benci kusan awa biyu kafin a kira ni.