Wata shida ina aiki da sqlc

Manhajar lissafin kaya nake gina wa wani kantin magani, da harshen rubuta manhaja na Go da rumbun bayanai na PostgreSQL. A da, guntu-guntu nake harhaɗa umarnin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, yayin da manhaja ke gudana, gwargwadon abin da mai aiki da ita ya zaɓa. Illar hakan ita ce kuskure ba ya bayyana sai a gaban mai kanti, ga masu saye a tsaye suna jira.

Da sqlc, wani kayan aiki da ke mayar da umarnin SQL zuwa lambar Go, umarnin a kafe yake. Za ka rubuta shi a fayil, ka raɗa masa suna, ka buga sqlc generate, sai ya auna shi da tsarin teburanka ya fitar maka da lambar Go. Ranar da na sauya sunan wani ginshiƙi na teburin bayanai, nan take ya ƙi wucewa sai da na gyara duk umarnin da ke kiran tsohon sunan. Wallahi na ji daɗin wannan. Kuma tunda bayanai ta guraben da aka ware musu a cikin umarnin, masu alamar $1 da $2, suke shiga, abin da ɓarawo ya cusa a akwatin bincike ba zai rikiɗe ya zama umarni ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne shafin bincike. Mai kanti yana son tace magani da suna, ko kamfani, ko ranar lalacewa, ko duka a haɗe. Na yi dabara da sqlc.narg: in gurbi fanko ne a tsallake shi. Ya yi aiki, amma umarnin ya cika da OR, wato "ko" na SQL, karanta shi ma wahala. Daɗin daɗawa, PostgreSQL kan iya komawa tsarin gama-gari, wanda ba ya duba abin da aka saka a gurbi, bayan ya gudanar da shiryayyen umarni sau 5, kuma a nan ne binciken ya fara nauyi. Jera sakamako ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin gurbi ba ya karɓar sunan ginshiƙi, dole sai doguwar CASE mai lissafa kowane zaɓi ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe wannan shafi ɗaya na miƙa wa Squirrel, wani kayan aikin Go mai harhaɗa SQL yayin da manhaja ke gudana, ya riƙa gina umarninsa, na kuma ƙayyade sunayen ginshiƙan da aka yarda a jera da su. Sauran aikin, daga shigar da kaya zuwa rasit, yana hannun sqlc.