Kwana huɗu a gidan kwano na Wye River

Mu gida biyu ne muka haɗa kuɗi muka kama gidan a Wye River, wani ƙaramin gari a bakin teku, a watan Janairu, lokacin zafi kenan a nan Ostireliya, yara kuma suna hutu. Daga Melbourne kusan awa biyu da rabi ne, amma daga garin Lorne zuwa can titin Great Ocean Road ɗin nan kwana-kwana ne, teku a hagu dutse a dama, ƙaramar 'yata sai da ta yi amai sau biyu kafin mu isa.

Muna fitowa daga mota maman yara ta kalli gidan ta ce wannan ai sito ne muka biya wa kuɗi. Gaskiya ban ga laifinta ba. Bango kwano ne mai launi da ake kira Colorbond, rufi kwano, an ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe a jikin tudu, ƙasan ciki siminti ne gogagge ko kafet babu, tsakar gida kuma ba ciyawa ba fulawa sai tsakuwa. Sai daga baya na fahimci dalili. Ranar Kirsimeti ta 2015 gobarar daji ta cinye gidaje 116 tsakanin Wye River da maƙwabcinsa Separation Creek, to waɗanda aka sake ginawa dole suka bi ƙa'idar wuta, shi ya sa ko tagogin ma ragar ƙarfe ce a jiki saboda tartsatsi. Ga bishiyoyin turare sun kewaye gidan, irin waɗanda muka sani a gida ne amma nan dogaye sosai, ganyensu mai ne zalla, da wuta ta taɓa shi ke nan.

Ni dai abin da ya burge ni shi ne gidan ba ya neman komai a wajenka. Yara su dawo daga bakin teku da yashi har kunne, tsintsiya ɗaya ka gama. Ba fenti da zai ɓare, ba katakon da iskar gishiri za ta ci. Akwai wasu fararen aku masu tukku rawaya, cockatoo, da suke sauka a baranda kullum da safe suna ihu kamar ana yanka su, ashe katako suke gwaguya, to nan ba su samu abin ci ba sai kallo. An ma liƙa takarda a kicin kada a ba su abinci, amma yara ba sa ji.

Ruwa ne matsalar. Na tanki ne, ruwan sama, mu tara a gida ga alwala ga wanka bayan teku, a kwana na uku famfo ya fara tari, muka koma wankan bokiti kamar a ƙauye. Mai gidan bai faɗi wannan a tallarsa ba, kuma sai da na hau can saman tudu na samu sabis na tura masa saƙo, amsa sai washegari. Hanyar shiga gidan ma tsaye take wallahi, abokina da ƙaramar motarsa a ƙasa ya bar ta muka yi dakon kaya.

Nama mun taho da shi daga mahautan halal na titin Sydney Road a Melbourne don can ba za ka samu ba, na zo da gawayi da yaji da niyyar tsire, sai aka ayyana ranar haramta kunna wuta gaba ɗaya, gawayi ya koma but ɗin mota, a kan gas muka gasa. Ya yi daɗi amma ba tsire ba ne. Abin dariya, baƙonmu da bai jima da zuwa ƙasar ba ya shimfiɗa darduma ya kalli inda rana ke fitowa, sai da muka juya shi, nan gabas ɗin salla yamma take.

Daren ƙarshe aka ɗan yi yayyafi, ƙarar ruwa a kan kwano sak ɗakin kakata, na yi barci har na makara asuba. Zan koma, amma gida ɗaya kawai, kuma da jarkokin ruwa a mota.