Lilin mai zanen crewel: tsohon bugu, sabon bugu ko ɗinkin Kashmir?

Crewel ɗinki ne na zaren ulu a kan lilin, wanda ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 17: itace mai murɗaɗɗun rassa, manyan ganyaye da furanni, wani lokaci da barewa a gindinsa. Siffar itacen tana da alaƙa da yadudukan Indiya da jiragen Kamfanin East India suke saukewa a Landan. Labule ɗaya yakan ci wata da watanni ana ɗinki, sai masu hali ke iya mallaka. Da bugun raga, wato buga zane a kan yadi ta hanyar danna fenti ta cikin raga, ya kankama a masana'antu daga shekarun 1930, kamfanoni irin su Sanderson da G.P. & J. Baker a Ingila, da Schumacher a Amurka, suka riƙa buga irin wannan zane a kan lilin, wasu har da kwaikwayon sawun allura.

Bugaggun yadudukan shekarun 1950 da 1960 akan same su a shafukan saye da sayarwa na intanet irin su eBay da Etsy, kuma sun cancanci a neme su. Kowane launi da tasa ragar, mai kama da rariya, ana danna fenti ta cikinta ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa launin yake da kauri, a wani wurin ma ka ga kore ya ɗan hau kan ruwan ƙasa. Wannan alamar hannu ce, kada ka ɗauke ta aibi. Kafin ka biya, nemi hoton bakin yadin, domin nan ake rubuta sunan kamfani da na zanen, sau da yawa da ɗigo-ɗigon launukan da aka buga. Nemi hoton bayansa ma.

Babban abin tsoro shi ne rana. Lilin da ya shekara sittin a taga yana iya kyau a hoto alhali zarensa ya ruɓe, musamman a kan ninki, ja ɗaya ya kece. Ka ce mai sayarwa ya ɗaga shi a haske ya ɗauka maka. Ga kuma faɗi: tsofaffin sukan tsaya wajen inci 48 zuwa 50, sababbi inci 54, kuma da wuya ka sami ƙari in naka bai isa ba. A ganina tsohon bugu na matashin kujera ne, ko a sa shi a firam a rataye inda rana ba ta kaiwa.

In kujerar da ake zama kullum za ka rufe, sayi sabon bugu. Waɗannan kamfanoni suna nan, suna sake fitar da tsofaffin zanensu, wasu a kan lilin da aka gauraya da auduga, wanda ya fi jure gogayya kuma bai cika yamutsewa ba. Sai dai ka tambaya ko bugun raga ne ko na kwamfuta. Na kwamfuta yakan fi sauƙin kuɗi, amma launinsa bai cika kai na raga zurfi ba.

Wanda yake son ya ji tudun zare a yatsa, Kashmir ce wurinsa. Can har yau ana ɗinka ulu da ƙugiyar da suke kira aari, yawanci a kan auduga mai kauri. Juya shi za ka ga zare a baya, abin da bugu ba shi da shi. Yana da nauyi, ya dace da labule, amma ba ya son wankin ruwa, kuma asu na cin ulu, don haka ka riƙa kakkaɓe shi kana duba ninkinsa.